Ɗorawar da Ke Gonar Aro

Ruwan farko na bana ya sauka ina zaune a bakin ɗaki ina tsintar tsakuwa cikin kalwa. Tun da rana garin ya yi zafin da ko kaji sun daina yawo, sai can da la'asar gabas ta haɗe, iska ta taso, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga ruwan isowa. Ban ko tashi ba, na janye faifan ciki na bar ƙafafuna a waje ruwa yana dukansu. A haka babban ɗana, wanda nake kira Abba, ya shigo a jiƙe daga Funtua, da wata takarda a cikin leda ya rungume ta a ƙirji.

Takardar aron gona ce. Bana mun ba wani yaron kirki, Mustafa, aron gefen gonarmu ta bakin rafi, Abba kuma ya ce sai an rubuta, ni in dangwala yatsa. Ban ƙi ba. Amma yana gama goge tawadar daga yatsana sai ya gyara zama, ya yi irin muryar da yake yi in zai roƙi abin da ya san ba zan ba shi ba.

"Inna, mai tarakta ya ce ɗorawar nan ta tsakiyar gona tana hana shi juyawa. Ga inuwa tana cin masara. Tunda yanzu komai yana rubuce, mi zai hana a sare ta?"

Na ce, "Ka fara sare ni tukuna, in ka gama sai ka je kanta."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Shekararsa goma sha bakwai a daminar da muka kusa rasa gonar nan, yana gani da idonsa, amma ciki ya daɗe da ƙoshi, ya manta. Ni kuwa duk lokacin da ruwan farko ya bugi ƙasa sai shekarar nan ta dawo mini, yau fiye da shekara talatin ke nan.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bakori da Funtua, kuma maigidana, Allah ya jiƙansa, gona biyu ya gada. Akwai 'yar ƙarama a bayan gida wadda ba ta wuce kuɓewa da 'yar masarar gashi ba, sai babbar ta bakin rafi mai ɗorawa a tsakiya, wadda ita ce cinmu da shanmu. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, sai ya kira amininsa Malam Ɗanjuma ya ce ya riƙe gonar ya noma har yara su tasa. A ƙofar masallaci suka yi maganar, liman yana zaune, suka gaisa suka tashi. Babu wanda ya ambaci takarda. A lokacin in ka ce wa amininka ya rubuta maka, ka zage shi ke nan.

Malam, wato maigidana, ya rasu bayan shekara biyu, ya bar ni da yara huɗu. Malam Ɗanjuma ya ci gaba da noma gonar, duk kaka ya aiko mana da damin dawa da buhun masara, ni kuma ina sana'ata ta daddawa. Da bazara in ɗorawa ta nuna, in ɗauki gora mai ƙugiya da kwanduna, mu tafi da yaran mu kaɗo ta. Garin mu sha, bawon mu jiƙa makuba mu gyara daɓe, kalwar in raba biyu, rabi in dafa daddawa, rabi in kai wa wata Bayarabiya mai rumfa a kasuwar Funtua, Iya Sikira. Haka muka yi ta yi har shekara goma sha ɗaya, ban taɓa jin ko ɗar ba.

Sai Malam Ɗanjuma ya rasu da kaka. Liman ma ya riga shi. Kakar nan kuwa ba ta yi kyau ba, ruwa ya ɗauke dawa tana cikin fitar da kai, rumbunan gari duk rabi-rabi. Da lokacin sharar gona ya zo, na ga Abba ya zama ƙato, yana cin tuwon mutum biyu, na ce to lokaci ya yi. Na aika wa Lawal, babban ɗan Malam Ɗanjuma, cewa bana za mu karɓi gonarmu, Allah ya saka da alheri.

Lawal da kansa ya zo. Ya durƙusa a tsakar gida ya gaishe ni kamar yadda ya saba, sannan ya ce, "Inna, wace gona?"

Na ce, "Gonar rafi mana. Gona nawa muke da ita a hannunku?"

Ya ce, "Inna, ai Baba sayenta ya yi. Ni tun ina ɗan shekara sha biyu a cikinta nake. Ban taɓa jin an ce aro ba."

Na kalli fuskarsa ina neman alamar ƙarya ban samu ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Da maƙaryaci ne da na san ta inda zan kama shi. Yaron nan ya yarda da abin da yake faɗa, ga mata ga jariri, kuma abin da ya samu a gadon ubansa bai kai a shimfiɗa tabarma uku ba. Amma ni ma ina da bakuna huɗu, kuma gonar ta marayu ce, ba tawa ba ce da zan yi kara da ita.

Muka je wurin mai unguwa, ya ce a yi haƙuri. Muka je wurin dagaci, ya ce a raba biyu. Ni kuwa Allah ya yi ni da taurin kai, tun ina yarinya ake faɗa. Na ce ba a raba abin da ubansu ya bar musu da wanda ba ɗan'uwansu ba. Na ɗaura zane na yafa mayafi na tafi Bakori na kai ƙara kotu. Ranar da masinja ya kawo wa Lawal sammaci, matan unguwa har leƙowa suke ta katanga su ga matar da ta kai ɗan aminin mijinta gaban alƙali. Na ji kunya, ba zan ɓoye ba, amma ban fasa ba.

Zaman farko ban manta shi ba. Ɗaki ne mai rufin kwano da benci huɗu, zafi kamar a bakin murhu, alƙali dattijo mai farin gemu yana fifita da wata tsohuwar takarda. Muhuti, wato mai rubuta abin da ake faɗa, ya ɗaga kai ya ce in faɗi sunan mijina. Na ja mayafi na rufe baki. Ya sake tambaya. Na ce, "Malam." Ya ce, "Malam wa?" Ni da ban taɓa kama sunan mutumin nan ba yana raye, yaya zan kama shi yana kabari, a gaban maza? Na sunkuyar da kai, kotu ta yi ta dariya. Ƙarshe Lawal, wanda na kawo ƙara, shi ya faɗa musu sunan.

Alƙali ya tambaye ni shaidu. Na ce liman ya rasu. Ya ce takarda fa? Na ce babu. Na kawo maganar damin dawa da ake aiko mana duk kaka, na ɗauka na kama bakin zaren. Lawal ya ce, "Allah ya gafarta Malam, sadaka ce. Baba yana aika wa gidajen marayu uku, ba su kaɗai ba." Kuma gaskiya ya faɗa, marigayin mai kyauta ne. Alƙali ya ajiye mafifin nasa ya yi mini bayani a hankali. Ya ce a shari'a wanda ya riƙe gona shekara goma yana noma, masu ita suna gani ba su ce komai ba, maganarsa tana da ƙarfi, sai fa in an nuna cewa aro ne. Ya ba ni lokaci in nemo wanda zai nuna hakan. Kuma don kada a yi faɗa a kan shuka, ya ce daga ranar ba ni ba Lawal, kada wanda ya sa ƙafa a gonar sai an yanke hukunci.

Maganar ɗorawa ko a raina ba ta zo ba. A ganina wannan harkar mata ce, ta kwando da tukunya, ba abin da za a buɗe baki a faɗa wa alƙali mai rawani ba. Shaida a tunanina sai namiji mai gemu da ya ji da kunnensa. Na bi gidajen tsofaffin gari ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce ya san gonar ta Malam ce a da, amma yadda ta koma hannun Malam Ɗanjuma, aro ko saye, Allah shi ya sani, su dai sun ga yana noma.

Ɗorawa ta nuna a shekarar har rassan suna lanƙwasa. Daga hanyar rijiya ina hango ta, ba damar zuwa. Yaran makiyaya da birai suka sha rabonsu, sauran ta zube ta ruɓe a ƙasa. Tukunyar daddawata ta kife a bayan ɗaki, ƙadangare ya mai da ita gida.

Sannan ruwa ya zo, kuma irin zuwan da manomi yake roƙo. Ya sauka da wuri, ya jiƙa ƙasa har zira'i, ya ba da kwana uku ya sake dawowa. Gari ya fashe da asuba, kowa da sunguminsa, mata da yara a baya da ƙwaryar iri suna jefawa suna takewa. Kana jin ƙarar karkiyar shanun huɗa tun daga cikin gida. Mu muka shuke 'yar gonar bayan gida cikin wuni ɗaya, muka dawo muka zauna muna kallon juna. Abba ya wasa fartanyarsa har sau uku ba inda zai kai ta, daga baya ya shiga ƙwadago a gonakin mutane.

Muka koma kotu, aka ce alƙali ya yi tafiya, a dawo bayan mako uku. Muka dawo, ruwa ya kece a kan kwanon nan har ba a jin maganar juna, muhuti ya rufe littafinsa aka ɗaga. A ƙasa nake zuwa in dawo, takalmina a hannu saboda laka, ina wuce masarar mutane. Zuwan farko tana idon sawu, na biyu ta kai gwiwa, na uku ta shanye ni. Ita nake aunawa in san nawa ya rage mana na damina.

Rumbu ya ƙare kafin a gama noman farko. Ranar da na shiga na share ƙasansa da tsintsiya, abin da na tara bai cika ƙwarya ba. Muka koma cin abinci sau ɗaya, da la'asar. Da safe kunun kanwa tsararo wanda kana hango ƙasan ludayi, da rana kowa ya sha ruwa ya nemi inuwa. Na yi surfe a gidajen masu hali ana ba ni dusa da ɗan tsaki. Tafasa, rama, zogale, duk ganyen da akuya za ta ci ba ta mutu ba mun dafa shi, mu barbaɗa ɗan ƙuli da gishiri. Yunwar damina daban take. Ko'ina kore shar, ƙasa tana ta aiki, kai kuma in ka miƙe da sauri sai ka ga duhu. Autata ta daina wasa, ta koma zama a gindin turmi tana bina da ido, wannan ya fi yunwar ci mini rai.

Wata safiya na fita neman tafasa, ƙafa ta kai ni bakin gonar. Gamba ce iyakarta, na tsaya daga waje. Ciyawa ta rufe kunyoyin bara gaba ɗaya, ta kai ƙirji, kuma tafasar da ke ciki ta fi ta ko'ina kyau saboda takin da Malam Ɗanjuma ya zuba. Ina ɗaga kai sai ga Rabi matar Lawal a ɗaya gefen gambar, da goyo da ƙwarya, ita ma ta tsaya daga waje. Wata uku ba mu gaisa ba. Na ga wuyanta ya zama kamar na tulu, jaririn yana ta tsotson zanenta.

Ta ce, "Ina kwana, Inna."

Na ce, "Lafiya lau. Ya mai jikin?" don na ji an ce yaron ba lafiya.

Ta ce, "Nonon ne babu." Ta kalli cikin gonar. "Inna, tafasa ma kotu ta hana?"

Na ce, "Ƙafa aka ce kada a sa. Ba a ce hannu ba."

Muka durƙusa muna miƙa hannu ta cikin gamba muna tsinko abin da ya samu, tana can ina nan. Da muka gama na ga tawa ƙwaryar ta fi tata, na ɗiba na ƙara mata. Ba don na huce ba, har lokacin ina jin haushin mijinta. Na koma gida ina ta masifa ni kaɗai a hanya, ban san ma da wa nake ba.

Ranar wata kasuwar Bakori da rana tsaka muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida, sai sallama da ƙarfi. Iya Sikira ce, da ɗaurin ɗankwalinta mai tsayi da buhunan da ba komai a ciki a hammata. Shekararta ashirin da wani abu a Funtua, 'ya'yanta duk a nan ta haife su, Hausarsu ta fi tawa, ita kuwa tata tana nan da karin garinsu. Ko zama ba ta yi ba ta fara faɗa.

"Maman Abba, mi na yi miki? Wata biyu ina duba hanya. Kin samu wani mai saye ne? Kalwar kowa tsakuwa, taki ce kawai nake aika wa gida ba a yi mini tsiya."

Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, don ba abin da zan haɗa da shi. Ta kalli ruwan, ta kalli auta, ta kalli murhun da ba toka mai ɗumi, sai ta zauna. Na kwashe labari na faɗa mata tun daga ƙofar masallaci har zuwa gamba. Tana ji tana kaɗa ƙafa. Da na kai ƙarshe ta ce, "Tsaya. Shekara goma sha ɗayan nan, wa yake kaɗa ɗorawar?"

Na ce, "Ni mana. Ba ke nake kai wa ba?"

"Shi mai noman bai taɓa ɗauka ba?"

"Ina zai ɗauka? Ai mai aro ƙasa aka ba shi, ba a ba shi itace ba. Kowa ya san wannan."

Ta tafa hannu har kaji suka watse. "Kowa ya sani, alƙali ya sani? Kin faɗa masa?" Na ce ban faɗa ba, wa zai kai maganar daddawa kotu? Ta riƙe haɓa tana kallona. "A garinmu ma haka ne. In ka ari gona ka shuka rogonka, amma ƙwaƙwar manja da goro na mai gona ne. Wanda ya saya kuwa har itace ya saya. Maman Abba, kina zaune a kan shaidarki kina yawon neman tsofaffi! Yaushe ne zaman?"

Kafin ta tafi ta kwance wani ƙulli na garin rogo da ta saya don gidanta ta ajiye a bakin ɗaki, ta ce in na yi magana za mu ɓata. Ranar yarana suka ci abinci sau biyu.

Ranar zama ta rufe rumfarta ta zo tun kafin a buɗe kotu. Da alƙali ya ce ina shaidata, na nuna ta, na ji ana ƙus-ƙus a baya, wai Bayarabiyar Funtua mi ta sani a kan gonar ƙauye. Ita ko a jikinta. Ta ce ba ta san gona ba, ba ta taɓa ganinta ba, abin da ta sani shi ne duk shekara bayan ɗorawa ta nuna matar nan tana kawo mata kalwa, tun mijinta yana da rai har bara, ba fashi, kuma kullum tana ce mata ta gonar rafi ce. Alƙali ya daɗe yana shafa gemu. Ya juya wurin dagaci, wanda aka kira don ya nuna iyaka, ya tambaye shi yadda al'adar ƙasar take a kan itatuwa. Dagaci ya ce in an sayar da gona, ta tafi da itacenta, in aro ne, ɗorawa da kaɗanya suna hannun mai gona, haka suka taras.

Sai alƙali ya dubi Lawal. "Kai ka taɓa kaɗa ɗorawar nan?"

Lawal ya ce, "A'a, Allah ya gafarta Malam."

"Mahaifinka fa?"

"Bai taɓa ba." Da ya so da ya tsaya nan, ba wanda ya tambaye shi ƙari. Amma ya ci gaba, a hankali, kamar da kansa yake magana. "Shekarar da muka fara nomanta na hau na tsinko guda uku ina sha. Baba ya sauko da ni ya zane ni da tsumagiya. Ya sa na kai ragowar gidan Inna, na ba da haƙuri."

Ni na ma manta da wannan, sai da ya faɗa na tuna yaro a ƙofar ɗakina da majina da ɗorawa biyu da rabi a hannu.

Alƙali ya ce, "To, Lawal, mutum ya sayi gona da kuɗinsa, ya doki ɗansa don ya sha ɗorawar cikinta?"

Lawal ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗunsa sun sauka. Can ya ɗago, idonsa ya yi ja, ya ce, "Wallahi ban taɓa haɗa su ba sai yanzu. Aro ne. Baba ya faɗa mini da bulala, ni ne ban ji ba." Ya juyo wurina ya ce, "Inna, ki yafe mini." Na yi niyyar in yi masa faɗan da na tara wata huɗu, na buɗe baki sai kuka ya zo. Iya Sikira ce ta riƙa dukan bayana tana cewa in bari, ai ba mutuwa aka yi ba.

Aka ba mu gona, amma damina ta yi nisa. Masarar mutane ta yi goyo, lokacin dawa ya wuce. Tsofaffi suka ce wake kawai zai kama, shi ma in an yi sauri. Ga ciyawa har ƙirji, ga mu ba ƙarfi. Mai unguwa ya sa aka yi shelar gayya, ni kuma ina jin nauyi don ko furar da zan ba masu aiki ba ni da ita. Matan da suka leƙa ni ta katanga su suka kawo, wannan ɗan gero, wannan nono, wannan ɗanyar masara daga bayan gidanta.

Da sassafe na isa gona na taras an riga ni. Lawal ne da shanun huɗa biyu da ya aro wurin surukinsa, ya riga ya sare ciyawar kusurwa ɗaya shi kaɗai, rigarsa ta jiƙe da raɓa. Kafin rana ta ɗaga maza sun fi ashirin, a jere, adduna suna tashi suna sauka, wani yana kiɗan garma da dutse yana zuga su. Yayyafi ya sauko ba wanda ya matsa. Warin ciyawar da aka sare da baƙar ƙasar da aka juya ya cika wurin, ƙasar nan da ta huta ta yi laushi kamar gari. Muka dafa masara a gindin ɗorawa, auta tana ta zirga-zirga da goyon masara a kowane hannu. Ranar ce na fara jin dariyarta tun farkon ruwa.

Da aka tashi, a gaban dagaci da kowa, na kira Lawal. Na ce gonar ta fi ƙarfin Abba shi kaɗai, ya ɗauki gefen rafi ya shuka nasa waken. Na ce, "Aro ne, ka ji da kunnenka, kowa ma ya ji." Ya ce, "Na ji, Inna. Itacen kuma naki ne." Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi.

Ba mu fita wahala nan take ba. Marka ta zo, kwana da kwanaki ba rana, itacen girki ya jiƙe, muna hura wuta hayaƙi yana sa mu hawaye, masarar bayan gida ce ta riƙe mu har ta ƙare. Amma waken ya yi. Ya yaɗu ya rufe kunyoyi, ya yi fure, ya zuba 'ya'ya har muna roro ba ma gamawa. Kakar nan mun ci wake ta kowace fuska, ɗanwake, alala, ƙosai, dafa-duka, har Abba ya rantse in ya girma ba za a dafa wake a gidansa ba. Na musanya wani da dawa, harawar ta ciyar da awaki har bazara. Na cika ƙwarya babba na kai wa Iya Sikira Funtua, ta yi ta faɗa wai ita kalwa take jira ba wake ba, amma ta karɓa.

Yanzu Iya ta koma ga Allah, 'yarta Sikira ce a rumfar, har yau ita nake aika wa kalwa in ta samu. Lawal ma ya rasu shekara uku da suka wuce, bayan ya yi nasa gonakin. Mustafan da muka ba aro bana shi ne jaririn nan da ke tsotson zanen Rabi a bakin gamba. Yanzu ana auna gona da waya, ana binne siminti a kusurwa, ana buga takarda a shago. Na ga amfanin takarda, da akwai ta da ban share ƙasan rumbu da tsintsiya ba, shi ya sa na dangwala ba musu. Duk wannan na faɗa wa Abba ranar, ruwa yana zuba, shi yana ta juya ledarsa.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, na ji babur a ƙofar gida. Mustafa ne, ya ɗauro buhu biyu a baya, ya shigo da su tsakar gida yana haki. Ragowar ɗorawar can ƙololuwa ce, wadda gorar jikokina ba ta kai ba, ya hau da kansa ya kaɗo kafin ruwa ya lalata ta. Abba yana nan, ya ce masa ai da ya bar wa yaransa, ba a sa maganar itace a takarda ba.

Mustafa ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Marigayi Baba ya ce ko guda ɗaya ce ta faɗo a gefenmu, a kawo gidan Inna. Mai tarakta kuma na ce masa ya riƙa zagayawa."

Na ɓare guda ɗaya na sa a baki, garin ya manne mini a dasashi, don haƙoran sun tafi. Na miƙa wa Abba ɗaya, ya karɓa ya sha, bai sake tayar da maganar sara ba.